Inda Idon Kyamararsa Ya Sauka

Masu karatu, na ga saƙonninku. Waɗanda suka ce in yi haƙuri in bar wa Allah, na gode, kuma na bar masa, amma sai bayan da na yi nawa. Wanda yau ne ya fara leƙowa, bari in ba shi wurin zama a taƙaice. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Auta. Na kammala difiloma a aikin jarida, sai dai zuciyata ta fi karkata ga ɗaukar hoto, kuma a nan na gamu da mutumin da ake kira Malam Haske, mai situdiyo a bakin babban titi, a saman wani shagon magani. Ya fara da koya mini riƙon kyamara, ya ƙare da yin sallama a ƙofar gidanmu. Magana ta yi nisa, ni kuma ina ta jan ƙafa ba tare da na san dalili ba, har Abba ya gaji ya ce ranar Asabar yana son jin amsata a gaban kowa: na amince a tsayar da maganar aure, ko ban amince ba.

A guruf ɗinmu na masu hoto a waya aka raɗa masa wannan suna. Ƙa'idar guruf ɗin ita ce kowa ya saka hotonsa, waɗanda suka fi shi sani su yi masa gyara. Shi kuwa duk hoton da aka saka, kafin kowa ya ce uffan ya riga ya rubuta, "Ina haske?" Ni ma ban tsira ba, duk da cewa a lokacin ya fara zuwa gidanmu da ƙamshin turare da murmushi. Na ɗauki wani dattijon tela a bakin tagar shagonsa, na yi ta juya hoton a waya ina jin nauyin sakawa, daga ƙarshe na rufe ido na tura. Ko shayin da ke hannuna bai huce ba amsarsa ta shigo:

"Wannan hoto ne ko ɗaukewar wuta? An kafa kan tsoho a tsakiya kamar ƙusa a bango. Fokas yana kan keken ɗinki. Keken ne ya ce a ɗauke shi?"

Fuskokin dariya suka yi ta zubowa a ƙarƙashin maganarsa. Da yamma ya zo, ya zauna a kujerar baranda yana kaɗa mukullin mota, ya ce, "Ɗalibata, shan mur ake yi? A guruf ni malami ne, a nan kuma masoyi. Ki koyi rarrabewa." Na ce na koya. Ni mutum ce mai haɗiye magana, in haɗiye ta, in kuma yi godiya a kai.

Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata dattijuwa da kowa ke kira Anti, wadda ta fara sana'ar tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Ta biyo ni ta gefe da saƙon murya, ana jin ƙarar fanka a bayanta.

"'Yata, hasken tagar nan da kika samu mai kyau ne, ke ce kika tsaya inda bai kamata ba. Kin sa tagar a bayansa, shi ya sa fuskarsa ta yi duhu. Ki koma da safe, ki tsaya ta yadda hasken zai zo masa ta kunci ɗaya. Ki matsar da shi gefe kaɗan, ki bar wa hannunsa da ƙyallen wuri, ai su ne labarin. Fokas kuwa, wato wurin da kika umarci kyamara ta fitar tangaram, ba a yin zatonsa, dubawa ake yi. In kin zuba hoto a kwamfuta akwai inda za ki danna, wani ɗan jan akwati ya fito daidai inda mai hoton ya ajiye idonsa. Ki riƙa duba naki, ki duba na waɗanda suka fi ki. Haka ake koyo."

Na koma wurin telan. Ya ɗago ta saman tabarau ya ce, "Yarinya, ba ki gama da ni ba ke nan?" Na yi yadda Anti ta ce. Hoton ya fito har ana ganin zaren da ya maƙale a leɓensa. Anti ta rubuto mini, "Yanzu kin ɗauki mutum." Ban taɓa jin daɗin wata magana a sana'ar nan kamar wannan ba.

Sauran shawararta ce ta buɗe mini ido. A makon da ake jiran amsata, Malam Haske ya ba ni katin kyamararsa in zaɓi hotunan da za a buga wa Abba kyauta. Duk hotunan gidanmu da ya taɓa ɗauka suna ciki: na 'yar liyafar kammala karatuna, na ranar da Abba ya ajiye aiki, na fitar da muka yi shan iska a lambu. Akwai abin da ya kamata ku sani game da hotunan nan. Babu ko ɗaya da na fito garau a cikinsa. Kullum fuskata dishi-dishi take, kamar an huro numfashi a gilashi. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Ke ce ba kya tsayawa wuri ɗaya, kamar wadda ake bi." Na yarda da shi. Na sha tsayawa gaban madubi ina koyon riƙe numfashi har jiri ya ɗebe ni. Na ma fara tunanin cewa fuskata ce ba ta karɓar hoto.

Ranar Laraba da hantsi na zauna a bakin gado da kwamfuta a cinya. Auta tana tsakar gida tana shanya, tana 'yar waƙarta. Na ce bari in ga inda gwani yake ajiye idonsa in koya. Na buɗe hoton liyafata, inda nake tsaye a gaba cikin doguwar riga ruwan toka, na danna.

Jan akwatin bai sauka a fuskata ba. Ya tsallake kafaɗata, ya sauka a idon Auta na hagu.

Na ce kuskure ne, kowa yana yi. Na buɗe na gaba. Ni a gaba ina riƙe da takardar shaida, akwatin yana kan idon Auta. Na lambu, ni a kan benci, akwatin yana kan Auta da ke tsaye a bayan bencin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen katin. Ashe ban taɓa motsi ba. Tsaye nake cak, ina riƙe numfashi, ina murmushi wa mutumin da ke kallon bayana.

Ban yi kuka ba, kuma hakan ya ba ni tsoro. Abin da na ji ya fi kama da nutsuwar da ke zuwa wa mutum idan ya gama shawara. Na tuna dariyar guruf, na tuna madubin, sai na ce wallahi yadda ya saba yi wa mutane gyara a bainar jama'a, haka zai karɓi nasa. Kuma na san inda zan kama shi. Babu abin da yake taƙama da shi kamar cewa bai taɓa barin kyamara ta zaɓar masa fokas ba.

Auta ce kaɗai damuwata. Na leƙa ta taga na gan ta da maƙalan shanya a baki, ɗankwali ya zame, tana faɗa da igiya. Yarinyar da in ya zo gaisuwa take tserewa ɗaki. Na yi wa kaina alkawari ba zan ambaci sunanta ba, kuma ba zan bari a ɗora mata laifi ba.

Ranar Juma'a Umma ta same ni a kicin ina wanke kofunan baƙi.

"Ke, gobe kada ki ba ni kunya. In Abbanku ya tambaye ki, ki buɗe baki ki yi magana, ba ki sunkuyar da kai kamar an aiko ki da saƙon mutuwa ba."

"Zan yi magana, Umma."

"Me za ki ce?"

"Abin da zai fito da kowa garau."

Ta dube ni, ta ja ɗan tsaki, ta ce ita ba ta son wannan magana tawa ta 'yan boko. Tana fita wayata ta yi ƙara.

"Ɗalibata, gobe ki sa ruwan zuma. Shi ke karɓar hasken falonku."

"To, Malam. Na zaɓi hotunan. Ina so mu nuna wa su Abba a talabijin kafin a buga."

"Madalla. Bari Abba ya ga irin hannun da zai ba 'yarsa."

"In sha Allahu zai gani."

Asabar bayan la'asar suka iso, shi da yayansa, wani mai jiki da fara'a wanda tun daga bakin ƙofa yake kirana amaryarmu. Malam Haske ya sha farar shadda, agogo yana walƙiya, gemu a gyare. Ni kuwa na sa baƙar doguwar riga da baƙin mayafi. Ya kalle ni ya ɗaga gira, na yi kamar ban gani ba. An share falo, an sauya labule, Umma ta fito da faranta masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da dalili. Auta ta kawo lemo da ruwa za ta gudu, Abba ya ce ta zauna, maganar gida ce. Ta rakuɓe a ƙasa kusa da ƙafar Umma.

Na haɗa kwamfuta da talabijin. Na fara saka sabon hoton telan.

"Malam, kafin mu shiga na gida, a yi mini gyara a wannan."

Ya gyara zama, ya karkata kai. "Ba laifi. An fara jin magana. Haske ya zo ta gefe, an bar wa hannu wuri. Fokas ma ya hau ido."

Abba ya sa tabarau. "Wai mene ne wannan fokas ɗin da kuke ta faɗa? Kullum sai na ji Mamana tana ambatonsa."

Da na roƙi Abba ya yi tambayar nan ma ba zai yi ta daidai haka ba. Malam Haske ya ajiye kofi, ya buɗe hannuwa.

"Ranka ya daɗe, fokas shi ne zuciyar hoto. Mutum goma za su tsaya a gabanka, amma ɗaya ne ka zo ɗauka. A idonsa kake ajiye saiti, sauran duk rakiya ce."

Na ce, "Malam, ba kyamarar ce ke zaɓa da kanta ba?"

"Wannan na ragwaye ne. Wanda ya bar kyamara ta zaɓar masa direba ne da ya saki sitiyari. Ni da babban yatsan nan nake kai shi inda nake so."

"Hannu ba ya zamewa?"

"Hannun wa?" Ya yi dariya yana duban yayansa. "Ki tambayi 'yan guruf."

Yayan ya ce, "Ai tun yana yaro haka yake, ko ƙwallo ya jefa sai ta sauka inda ya nufa."

Na saka hoton liyafata. Umma ta ce masha Allah. Na ce, "Abba, ka ga wannan jan akwatin da zai fito? Shi ne inda babban yatsan Malam ya kai saiti." Na danna.

Akwatin ya sauka a idon Auta. Na wuce na gaba na danna. Na wuce na lambu na danna. Ban yi sauri ba, kowane hoto sai na bar shi ya zauna a bango, fuskata a gaba kamar hayaƙi, idon ƙanwata a baya yana sheƙi cikin jan akwati. Ana jin ƙarar firji daga kicin. Auta ta cusa fuska a cikin mayafi. Murmushin Malam Haske yana nan a fuskarsa, amma ya bushe, kamar an manta ba a cire ba.

Yayan ne ya fara farfaɗowa. Ya yi wata dariya da ba ta da abokiyar tafiya. "Haba, ai na'ura ce. Na'ura tana kuskure. Ko motata wani lokaci in na ce dama sai ta yi hagu." Ya zunguri ƙaninsa da gwiwa. "Ka ce kuskure ne mana."

Abba mutum ne mai rufa wa baƙo asiri. Ya buɗe masa ƙofa da kansa, cikin murya mai taushi. "Ɗana, kuskure aka samu?"

Masu karatu, kalma ɗaya ake nema a bakinsa. Da ya ce hannunsa ne ya zame, da Abba ya karɓa, da Umma ta ce a zuba lemo, da ni ce zan zama mai baƙar zuciya da ta kunyata baƙo a kan na'ura. Wannan ne abin da na kwana biyu ina tsoro. Na zuba masa ido, shi kuma ya zuba wa talabijin. Hoton da ke kai mai kyau ne, ba zan yi masa ƙarya ba: hasken rana ya sauka a kuncin Auta, ana iya ƙirga gashin idonta.

"Abba," ya ce, "wannan hoton… babu kuskure a cikinsa. Ka dubi ƙwayar idon, ko a mujalla ba za ka…"

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya tsaya. Yayan ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Na miƙe tsaye. "Abba, ka ce yau kana son amsata. Ban amince ba." Na juya ga Malam Haske. "Malam, an koya mini cewa in za a yi gyara a fara da abin da ya yi kyau. Haskenka ya yi kyau, ba ni da abin cewa. Gyara ɗaya ne. In ka tsayar da mutum a gabanka alhali ba shi ka zo ɗauka ba, ka gaya masa, kada ya yi ta riƙe numfashi a banza."

Na zare katinsa na ajiye a kan faranti kusa da lemon da bai sha ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ji daɗin yadda ya lalubi takalmi ya sa na dama a hagu, na ji daɗin yadda yayan ke ta ba Abba haƙuri yana jan hannun ƙaninsa kamar yaron da ya yi ɓarna a gidan mutane. Da motarsu ta tashi sai na ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka. Na ce shi ke nan, an gama.

Na dawo falo zan kwance igiyar kwamfuta, Abba ya ɗaga hannu. Bai tashi daga inda yake ba, tabarau yana kan hancinsa.

"Mamana, kin ajiye hotunan a kwamfutarki? Sake bi da ni daga farko, a hankali."

Na bi da shi. Yana kallo, yana gyaɗa kai. Da muka kai ƙarshe sai ya juya wurin Auta.

"Auta, ɗago ki dube ni. Ba faɗa zan yi miki ba. Ke da in an ce hoto kike ɓuya a bayan ƙofa, me ya kai ki bayan yayarki a kowane ɗaya? Ko sau ɗaya ban ga an ɗauke ta ita kaɗai ba."

Duk binciken da na yi, ina ya ajiye ido na tambaya. Ban taɓa tambayar wanda ya tsara tsayuwar ba.

Auta ta ɗago, fuskarta jage-jage da hawaye. Ba ta dubi Abba ba, ba ta dube ni ba. A kan Umma idonta ya sauka. Umma kuwa ta duƙufa tana tattara kofuna, tana jera su a kan tire ɗaya bayan ɗaya kamar aikin ya fi komai muhimmanci a duniya.

"Umma ce," Auta ta ce da ƙyar. "In ya ɗaga kyamara sai ta ce in gyara mayafi in je in tsaya bayan Yaya. Na ɗauka don hoton ya cika ne. Wallahi, Yaya, ban san…"

Na jira Umma ta musa. Na so ta musa, ko da ƙarya ce. Ta ɗauki tiren, ta miƙe, ta dube ni ido cikin ido.

"Ke kina ta jan ƙafa wata da watanni, yau ciwon kai, gobe sai kin yi tunani. In ke ba kya so, sai in zuba ido ya tafi wani gida? 'Ya'ya biyu gare ni, ba ɗaya ba."

Kofunan suka yi 'yar ƙara a kan tiren. Abba ya cire tabarau a hankali, ya ninke shi, ya ajiye a hannun kujera. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Mamana, Auta, ku ba mu wuri."

Auta ta tashi da gudu. Ni kuwa tun da nake ban taɓa bari Abba ya maimaita mini magana ba. Na jawo kujerar da Malam Haske ya tashi daga kai, na juya ta ta fuskanci Umma, na zauna, na gyara mayafina.

"Abba, ka yi haƙuri," na ce. "Wannan karon ni ake magana a kai, kuma a gabana za a yi ta."